Wa'adin Kwamared Shekari

Shekari Bakut ya shekara goma sha ɗaya yana kashe gobara a arewacin Greensboro ba a biyan shi ko sisi, kuma a duk tsawon shekarun nan abu ɗaya ya taɓa nema daga hannun masu tashar, wato injin wanki. Yadda ya nemi injin ne ya raba shi da aikin.

Mutumin Zonkwa ne, gajere mai faɗin kafaɗa, irin mutanen da ko taron shirya biki aka zauna sai sun tambayi wa ke rubuta abin da ake faɗa. Yana ɗan shekara ashirin ya shiga wata masaƙa a Kakuri, cikin Kaduna, a sashen da ake wanke atamfa bayan an buga mata zane. A can ya koyi cikin inji, a can kuma ya koyi ƙungiya. Kafin ya cika talatin an zaɓe shi sakataren reshen ƙungiyar ma'aikata, daga nan sunansa ya koma Kwamared Shekari har a bakin masu sayar da abinci na ƙofar masaƙa. Wa'adi tara ya rubuta wa masu kamfani a zamaninsa, amma sau ɗaya tak aka kai ga shiga yajin aiki, kuma da wannan yake alfahari fiye da komai.

Yadda abin yake a Kakuri, wa'adi ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai. Sakatare zai rubuta cewa idan kwana ashirin da ɗaya suka cika ba a biya buƙata ba, ma'aikata za su janye aikinsu. Kowa ya san ba a nan maganar za ta ƙare ba. Masu kamfani za su sha toka na mako biyu, sannan ana saura kwana biyu ko uku sai su aiko mutum gidan sakatare, ko fasto, ko liman, ko wani dattijo da ya yi ritaya. Ɗan aiken zai zauna, a ba shi abin sha, ya ce a yi haƙuri, a zo a zauna. Sai a zauna a bainar jama'a, kowa ya rage nasa, a tashi da mutunci. Doka biyu ce ba a karyawa: sakatare ba ya ganawa da manaja shi kaɗai, domin daga ranar za a ce an saye shi, kuma ba ya cire sunansa daga takardar da ya rubuta da hannunsa.

Da masaƙar ta rufe, sai ya ci bizar caca, wadda ake ba masu tafiya ƙasar waje ta hanyar ƙuri'a. A shekara ta 2004 ya sauka Greensboro da matarsa Dinatu da 'yarsu Serah, domin akwai wani ɗan cocinsu da ya riga shi zuwa. Garin bai yi masa baƙunta sosai ba, tunda shi ma garin masaƙu ne da yawancinsu suka mutu. Ya sami aiki da wani kamfani mai gyara manyan injinan wanki na asibitoci da otal-otal. Sun yi shekara bakwai a gidan haya a gabashin gari, sannan suka sayi wani ƙaramin gida a kan hanyar Summerfield, inda maƙwabcinka na kusa sai ka ɗaga murya yake jin ka, wani lokacin ma doki ne zai fara ɗago kai.

Ranar da ya fara sha'awar aikin gobara, gyara ya je yi a wani gidan kula da tsofaffi, injin busar da kaya ya kama da wuta. Shi ya kashe lantarki ya rufe ƙofar ɗakin kafin 'yan kwana-kwana su iso. Wanda ya fara shigowa da tiyo wani baƙar fata ne dogo, haifaffen gabashin Greensboro, sunansa Desmond. Bayan an gama, suna tsaye a waje, Shekari ya yi masa tambayar da kowane ɗan ƙwadago zai yi, ya ce nawa ake biyan su.

Desmond ya yi dariya ya ce, "Ni direban motar makaranta ne. Wannan kyauta muke yi."

Shekari ya daɗe yana juya maganar. A garinsu ma ba a biyan wanda ya ɗauko bokiti zuwa gidan maƙwabci, sai dai ba a ba shi hular kwano da mota mai jiniya. Bayan wata guda ya je ya cike takarda. Yana da shekara arba'in da huɗu ya zauna aji tare da samari, ya koyi ɗaura tukunyar iska a baya da hawa tsani da rarrafe cikin hayaƙi. Aka ba shi feja, 'yar na'urar da ake maƙalawa a ƙugu, wadda ke kuka idan an kira gobara. Aka ba shi riga mai kauri da aka ɗinka BAKUT a bayanta da manyan haruffa, da ƙusa tasa ta rataye ta a bangon tashar. Turawan wurin suka gajarta sunansa zuwa Shek, bai yi musu ba.

Ya so aikin nan, ba ya kuma ɓoyewa. A wurin gyaran inji shi baƙo ne mai wata irin Turanci, amma a cikin hayaƙi babu wanda ke jin bambancin harshe, hannun da ya dafa kafaɗarka kawai ka sani. Sau nawa fejar ta tashe shi daga gaban tuwo, sau biyu ta fitar da shi daga coci ana tsakiyar wa'azi. Dinatu ta yi mita har ta gaji ta koma ajiye masa abinci a kula. Shi ne ma ya jawo abokinsa Osumanu cikin aikin, wani Musulmi ɗan zongon Kumasi mai tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, wanda Hausa ta haɗa su a shagon sayar da kayan miya.

Tashar ba ta gwamnatin birni ba ce. Wani kwamiti ne na mutanen yankin ke riƙe da ita, manoma da 'yan kasuwa da wani likitan dabbobi, sai shugaban tasha, Cif Randall, dattijo mai ƙarancin magana wanda ubansa ma ya yi aikin. Akwai ma'aikata shida masu albashi da 'yan sa-kai goma sha tara. Masu albashi kowa na da kayan wuta kala biyu, 'yan sa-kai kuwa ɗaya-ɗaya. Idan an dawo daga gobara, sai a fesa wa rigar ruwa a tsakar gida a rataye ta, ko a jefa ta bayan mota a tafi da ita gida. Tsofaffin hannu ma ba sa so a wanke musu, domin baƙin riga shi ne shaidar daɗewa.

Wannan ne Shekari ya kasa haɗiyewa. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a gindin injin wanki ya san abin da yadi ke sha da abin da yake riƙewa. Gidajen yanzu roba ce da soso da fenti, idan sun ƙone duk suna komawa cikin zaren rigar, daga nan su bi gumi su shiga wuya. Akwai inji na musamman da ke fitar da wannan dattin. Kowace shekara Shekari yakan tashi a taron tasha ya yi maganarsa, kowace shekara kwamiti ya ce baɗi, bana rufin tasha ne, bana tayoyin babbar mota ne. Ba ƙarya suke yi ba, rufin yana yoyo.

Sai muryar Desmond ta dushe. Tun ana cewa mura ce har aka kai ga asibiti, aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Likita bai ce daga riga ba ne, bai kuma ce ba daga ita ba ne. Shekari bai jira likita ya yanke ba. Ya je ya duba Desmond ranar Lahadi da rana, ya dawo gida bai ci abinci ba, ya buɗe tsohuwar jakar da ya taho da ita daga Kaduna ya ciro kundin tsarin ƙungiyarsu na Kakuri, wanda gefensa ya yi ja don tsufa.

Dinatu ta dube shi ta ce, "Baban Serah, me kuma za ka yi da wannan?"

"Abin da na iya," in ji shi.

A zauren cocinsu aka yi taron farko, ranar Asabar da hantsi. Dinatu ta dafa shinkafa da kaji, wataƙila shi ya sa mutum goma sha biyu suka zo. Shekari ya tsara komai yadda ake yi: addu'ar buɗewa daga Kirista, ta rufewa daga Musulmi, kuma tunda Osumanu ne kaɗai Musulmi, shi aka ɗora wa ta rufewa har abada. Aka zaɓi shugaba, wani mai ɗinkin sirdi da bai san dalilin zaɓensa ba. Shekari ya riƙe sakatare. Da ya fara kiran su Kwamared, wani mai gonar dawaki ya ɗaga hannu ya ce shi kam kakansa ya je yaƙi da 'yan gurguzu masu kiran juna haka, a taimaka a kira shi Wade. Aka yi dariya, aka rubuta a littafi. Duk da haka maganar Desmond ta taɓa kowa, kuma duk su goma sha biyun sun sa hannu a kan takardar da Shekari ya karanta musu. Ta ce idan kwana ashirin da ɗaya suka cika ba a amince da sayen inji da ƙarin kaya ba, masu sa hannu za su janye aikinsu.

Serah ce kawai ta karanta takardar da idon mutanen garin. A lokacin ta girma, tana aiki a wani ofishin lauyoyi kusa da kotu a tsakiyar gari.

"Daddy, wait," ta ce. "Ka san a jihar nan doka ba ta yarda hukuma ta ƙulla yarjejeniya da union ba? Kuma ku ma ba ma'aikata ba ne, volunteers ne. Babu dokar da za ta kare ku."

"Ba doka muke nema ba. Zama muke nema."

"To ka rubuta kuna neman zama. Wannan da ka rubuta, za su ɗauka kun ce za ku tafi. They will believe you."

Ya yi mata murmushin wanda ya rubuta wa'adi tara. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san yadda ake yi ba, babu mai hankalin da zai karanta wa'adi ya ɗauka sallama ce. Washegari ya kai takardar ofishin Cif ya sa aka buga masa hatimin karɓa. Daga can ya biya shagon 'yan Afirka ya sayo kwalaben maltina shida ya jera a firji, ya ce wa Dinatu kada kowa ya taɓa, na baƙi ne.

A rana ta biyar wayarsa ta yi ƙara yana ƙarƙashin wani inji a otal. Cif Randall ne.

"Shek, na karanta takardarka. Ka biyo gobe mu sha kofi, ni da kai, mu ga abin da za a yi."

Shekari ya miƙe zaune ya goge hannunsa. Ni da kai. Ya san wannan tarkon tun yana saurayi. Cikin ladabi ya ce ba zai iya ganawa da shugaba shi kaɗai ba, idan kwamiti na da magana ya rubuto wa ƙungiya.

Cif ya ce, "Shekara goma sha ɗaya muna shiga wuta tare, yanzu sai na rubuto maka wasiƙa?"

"Haka tsarin yake, Cif."

"To, shi ke nan."

Shekari ya ajiye wayar yana jin daɗi. A lissafinsa an fara motsi da wuri, tunda har manaja ya gwada saye, saura ɗan aike. Bai san cewa a Summerfield babu wani ɗan aike ba. Kiran nan shi ne faston, shi ne limamin, shi ne dattijon, kuma Cif ya yi shi ne ba da sanin kwamiti ba, bayan ya kwana biyu yana tauna yadda zai fara. Shi kuma Cif abin da ya ji shi ne an rufe masa ƙofa. Ya je gaban kwamiti ya ce mutanen nan da gaske suke, kuma ba zai yiwu ranar ta zo a kira gobara babu mai amsawa ba.

Mako na biyu ya wuce babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Shekari yana zuwa duk kiran da aka yi, domin wa'adi bai cika ba, amma ya lura mutane sun rage haɗa ido da shi. Idan ya dawo daga aiki yakan sake riga ya zauna a falo inda yake hango titi. Dinatu tana kallonsa daga kicin. Sau ɗaya wata mota ta rage gudu a ƙofar gidan har ya gyara zama, ashe mai kawo saƙon maƙwabta ne ya ɓata hanya.

A rana ta goma sha takwas, da la'asar, motar Osumanu ta tsaya. Shekari ya ji sanyi a ransa. Ya ce lallai Cif ya san abin da yake yi, ya zaɓi wanda ke jin Hausa. Ya sa Dinatu ta kawo maltina a faranti da kofin gilashi.

Osumanu bai taɓa kwalbar ba. Ya ce, "Ei, Kwamared, ba aiko ni aka yi ba fa. Ni na kawo kaina."

Ya faɗa masa yadda ake ciki. Kwamiti ya shirya da tashoshin maƙwabta su riƙa amsa kira, ya kuma ɗauki 'yan wucin gadi uku. An aika wa sauran masu sa hannu saƙo cewa duk wanda sunansa ke kan takardar nan har ranar Juma'a, za a ɗauka ya ajiye aiki da kansa. Mai ɗinkin sirdi ya cire nasa tun mako na farko. Wade ya bi. Sauran ma duk sun bi, ɗaya bayan ɗaya.

"Kai fa?" in ji Shekari.

"Yau da safe." Osumanu ya sunkuyar da kai. "Massa, ni na zaci takardar tsoratarwa ce kawai. Amma in gidan mutum na ci, ni ina zaune da feja a kashe? Ba zan iya ba. Ka kira Cif. One call, wallahi. Ka ce ka cire sunanka, magana ta ƙare."

"Ni ma tsoratarwa ce nake nufi. Wa ya ce za a bar gida ya ƙone?"

"To ka gaya masa haka!"

Shekari ya dubi wayarsa a kan tebur. A Kakuri an yi wani sakatare kafin shi da ya cire sunansa daga wa'adi ana saura kwana ɗaya. Mutumin ya rayu shekara ashirin bayan haka, kuma har ranar jana'izarsa ba a kira shi da sunansa na gaskiya ba. Babu ko mutum ɗaya a duk gundumar nan da ya san labarin, masaƙar ma ciyawa ta cinye ta, amma Shekari ya sani. Ya ce wa Osumanu ya gode, ya sha abin shansa kada sanyinsa ya tafi.

Bayan baƙon ya tafi, Dinatu ta fito ta tsaya a kansa.

"Baban Serah, nan ba Kakuri ba ce. Wa zai zage ka in ka kira shi?"

"Idan sakatare ya janye, takardar ta mutu. Idan ta mutu, maganar Desmond ta mutu."

"Idan an kore ka kuma ta rayu?"

Har ranar Juma'a yana sa ran wani zai zo. Ranar Asabar da safe aka kira gobarar ciyawa a bayan wata gona, ya ji jiniya daga nesa, amma fejarsa ba ta yi kuka ba. Ya cire batirin ya mayar, ya girgiza ta. Ranar Litinin wasiƙa ta iso, ita ce kaɗai wasiƙar da kwamiti ya taɓa rubuto masa, tana gode masa bisa hidimar shekara goma sha ɗaya, tana roƙon ya dawo da kayan tasha. Ya kai su da kansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da ranar da aka rufe masaƙa, domin waccan rufe ta aka yi, wannan kuwa tana nan a buɗe ana shiga ana fita.

Desmond an yi masa aiki an cire maƙogwaron murya, ya koma magana da rubutu a waya. Da Shekari ya ba shi labari, sai ya rubuta ya miƙo masa: da ka je ka sha kofin. Ya karɓi wayar ya sake rubutawa: amma ka aiko min da takardar. Bayan wata huɗu, a taron kwamiti na bainar jama'a, matar Desmond ta tashi ta karanta wa'adin Shekari tun daga farko har ƙarshe, mijinta na zaune kusa da ita da farin ƙyalle a wuya. A zaman da ya biyo baya aka amince da sayen inji. A rubutaccen bayanin taron an ce an yi haka ne bisa sababbin shawarwarin kiwon lafiya, ba a ambaci wata ƙungiya ba.

Kamfanonin da ke girka irin wannan inji a yankin ba su da yawa, kuma wanda ya sami aikin shi ne kamfanin su Shekari. Ranar wata Talata ya ga adireshin a takardar aikinsa. Zai iya musanyawa da wani, babu mai tambayarsa dalili. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya tafi.

Tashar tana nan yadda ya bar ta, sai dai ƙusarsa an rataye rigar wani. Osumanu, wanda ke hutu ranar, ya taya shi sauke injin daga mota. Shekari ya ɗaure shi a ƙasa da manyan kusoshi, ya ja ruwan zafi da na sanyi, ya gwada magudana sau biyu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Cif Randall ya shigo da kofi biyu ya ajiye ɗaya a kan injin. Suka yi maganar ƙarfin ruwa da irin sabulun da ya dace. Sannan Cif ya ciro wata takarda daga aljihu ya ɗora kusa da kofin.

"A watan Janairu za mu ɗauki sababbin 'yan sa-kai. Ga fom. Ƙofa a buɗe take ga kowa, Shek."

Shekari ya dubi takardar. A wannan karon ya gane abin da yake gani, ya san dattijon nan ya buga fom ɗin da hannunsa tun safe yana yawo da shi a aljihu, kuma iyakar abin da bakinsa zai iya ke nan. Amma ga kowa aka ce. Shi kuwa kalma uku yake jira, a yi haƙuri, ko da a Turanci ne. Ya ce ya gode, ya naɗe fom ɗin ya sa a akwati ƙarƙashin sifanu. Kofin kam ya sha.

Da aka zo gwaji, ya ce a kawo masa riga mafi datti a tashar. Osumanu ya shiga ɗakin ajiya ya daɗe, sannan ya fito da ita yana kallon gefe. An tsinke haruffan bayanta, amma inda suka zauna shekara goma sha ɗaya hayaƙi bai taɓa ba, saboda haka BAKUT na nan ɓaro-ɓaro, rawaya a cikin baƙi. Shekari ya raba rigar da shafinta na ciki kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya zuge zif, ya juya ta, ya saka a inji ya danna.

Injin bai yi minti biyar yana juyawa ba ƙararrawar tasha ta ɗauka. Muryar mai kira ta faɗi sunan titi, ta ce hayaƙi na fita daga rufin gida. Shekari ya san titin, ya san cewa famfon kashe gobara na kusurwar ba shi da ƙarfi. Sai da ya yi taku uku zuwa bangon ƙusoshi sannan ya tuna. Ya tsaya da sifana a hannu, mutane suna kewaye shi da gudu. Osumanu ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

"Ku ja ruwa daga famfon ƙasa, na kusurwa ba shi da ƙarfi!" ya ɗaga murya.

Cif ya ɗaga masa hannu daga cikin mota, ba a san ko ya ji ba. Motoci biyu suka fita, jiniya ta yi nisa, ƙofar ta sauko da kanta.

Ya koma ya jawo bokiti ya kifa ya zauna gaban injin. Ruwan farko da ya fita ta magudana baƙi ne wuluk, mai maiƙo a sama. Ya tara kaɗan a kofin kofinsa ya ajiye a kan teburin Cif don ya gani. Ruwa na biyu ya fito toka-toka, na uku ya fito fari. Bayan minti arba'in injin ya tsaya, ya buɗe ya ciro rigar, ya juyo da bayanta ya ɗaga ta wajen haske. Ta fita tas, rawaya daga wuya har ƙasa, kuma duk yadda ya karkata ta bai ga inda sunan yake ba.

Ya rataye ta a inda iska ke bi, ya ɗauko takardar aiki, ya rubuta a layin ƙarshe cewa inji yana aiki yadda ya kamata. Babu kowa a tashar da zai sa masa hannu, sai ya bar wurin a fili ya ja ƙofa.